Gwanayen Cigiyar Dangi a Sabon Gari da Samaru

Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Yaron da aka haifa bayan wannan shekara, ko da yau yana aji a jami'a, babu shi a lissafin. Ƙidayar 1963 da ta 1991 ma alƙaluma suka fitar, ba jerin sunaye ba. A Amurka sai bayan shekara 72 ake buɗe wa jama'a takardun ƙidaya, shi ya sa na 1950 ba su fito ba sai 2022, a Ingila kuwa sai an shekara 100. Ke nan ko a can, takardar ƙidaya ba ta kai mutum ƙofar ɗan'uwansa mai rai. A Zariya akwai dattawa maza da mata da suka ƙware a cigiyar dangi, kuma aikinsu ya cancanci yabo.

Ba banza gwanintar ta yi ƙarfi a nan ba. Tun da layin dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta zama masaukin baƙi: ma'aikatan reluwe, leburorin auduga da na kamfanin taba, da akawunan kantunan Turawa irin Paterson Zochonis, wanda unguwar PZ ta gaji sunansa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ma ta cika da masu zaman haya. Mutum zai zo aiki, ya yi aure a Muciya ko Cikaji, a haihu, auren ya mutu, a canza masa wurin aiki, ɗan ya tashi a hannun dangin uwa. Bayan shekara talatin uban ya rasu a Katsina ko Maraɗi, alƙali ya ce ba za a raba gado ba sai an kawo dukkan magada. A da, dagaci na da jerin magidanta saboda haraji, amma gwamnatin Balarabe Musa ta soke harajin a 1979. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, sai dai da yawa cikin waɗanda aka haifa a gida ba a kai su ba.

Gwani yakan fara da suna, domin ya san sunan yanka bai cika yawo a unguwa ba. Uwa ba ta kiran ɗan fari saboda alkunya, wanda aka sa wa sunan kaka kuma ya koma Abba ko Ummi. Laƙabi shi ke ba da labari. In an ce Gambo, a nemi gidan da aka yi tagwaye kafin shi. Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba, Asabe ranar Asabar ta zo, Azumi kuma a watan Ramalana. Da laƙabi ɗaya sai gidaje ashirin su koma uku.

Sai lokaci. Tsohuwa ba za ta ce 1976 ba, amma za ta ce tana da cikinsa aka kashe Murtala. Wata za ta ce ana goyon yarinyar aka yi canjin hannu na 1972, ko aka daina fam da sule a 1973, ko shekarar da Shehu Idris ya hau sarautar Zazzau, wato 1975. Gwani yana riƙe da wannan jeri a ka, ya haɗa shi da damina ko hunturu, ya fitar da shekara har da wata.

Babban sirrinsa shi ne sanin wa ke riƙe da wane labari. Ungozoma ta san ɗakin da aka yanke cibi. Wanzami ya san wanda ya yi wa askin suna da kaciya. Liman ya san wanda ya raɗa wa suna, malamin allo ya san wanda ya kawo yaron. Mai gidan haya ya san ranar da aka kwashe kaya, 'yan kamasho a tashar Kwangila kuma suna iya tuna motar garin da aka shiga. Gwani ba ya faɗa wa kowa da tambaya kai tsaye. Zai durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, cigiya muka zo,” in gaban mai unguwa ne. In tsohuwa ce, sai an gama gaisuwa an ajiye goro, sannan ya ce, “Inna, ko kin tuna wata Bakatsiniya da ta zauna nan?” Zumunta a ƙafa take, kuma matambayi ba ya ɓata.

Bayan baki sai takarda: rajistar shiga firamare, katin awo da na rigakafi, takardar sakin aure a kotu, fayil ɗin fansho. Gwani ba ya yarda da shaida ɗaya sai wata ta gaskata ta. In hanya ta toshe, a kai cigiya Rediyon Kaduna ko a watsa hoto a WhatsApp.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon amanarsu. A hanya gwani yakan ci karo da abin da iyali suka binne: rikicin saki, zargi, ɗan da aka ƙi. Ba ya fesawa. Kuma ba ya kai baƙi gidan wanda aka gano sai ya fara jin ta bakinsa, domin wani yana da ciwon da bai warke ba. Ta hannun irin waɗannan mutane maraya ke karɓar rabonsa na gado, saurayi ke sanin cewa wadda yake nema sun sha nono ɗaya. Yawancin gwanayen sun manyanta. Ya kamata kowane gida ya zaunar da tsofaffinsa ya rubuta wa ya haifi wa, a ina, a wace shekara, a kuma yi wa jarirai rajista tun ana cikin jego.