Nazari Kan Bayanin Kayan Aiki Ga Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Bayanin kayan aiki shi ne 'yan jimlolin da mai rubuta manhaja yake yi wa wakilin ƙirƙirarriyar basira, domin ya san aikin wani kayan aiki da lokacin da ya dace ya ɗauke shi. Wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Abin da yake gani kawai shi ne sunan kayan, bayaninsa, da jerin abubuwan da ake cikewa, waɗanda galibi ake tsarawa da JSON Schema. Da waɗannan ukun yake yanke shawara.

Wannan salon rubutu bai daɗe ba. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da samfuransa za su riƙa kiran ayyukan manhaja, sannan a watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP ta haɗa wakilai da kayan aiki, wadda ta sa rubuta irin wannan bayani ya zama ruwan dare. Kakan wannan salo shi ne littafin jagoran Unix na 1971, sai dai an rubuta wancan ne domin mutum, wanda in ya rikice zai tambayi na kusa da shi.

Masu raina wannan rubutu sun kasu biyu. Wasu na cewa gajarta ita ce inganci, tunda kowace kalma tana cin gurbi da kuɗi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin jimla uku ba su kai tsadar kira ɗaya da aka yi bisa kuskure ba, kuma littafin jagoran Anthropic kansa yana ba da shawarar jimla uku zuwa huɗu aƙalla. Wasu kuma suna auna inganci da tsawo da cikar gurabu, alhali ana iya cika shafi da surutu ba a faɗi komai ba.

Inda gwanin marubuci yake bayyana shi ne wajen shata iyaka. A dubi kayan aikin wani shago mai bayani kamar haka: "Yana nemo oda." Babu ƙarya a ciki, amma kuma bai tsinana komai ba. Ga wani a gefensa: "Yana nemo oda ta lambarta kaɗai. Ba ya karɓar suna ko lambar waya; idan suna aka bayar, a fara da kayan neman abokin ciniki. Yana dawo da ranar saye, farashi da inda kayan suke. Ba ya sauya komai."

Jimlar farko ta faɗi aikin, kuma kalmar ƙarshenta ta rufe sauran ƙofofi. Ta biyu ita ce ginshiƙi: ta hango kuskuren da wakili zai fi saurin yi, wato cusa suna a gurbin lamba ko ƙirƙiro lambar da babu ita, ta tare shi, sannan ta nuna masa inda zai nufa. Hani ba tare da nuna mafita ba yakan sa wakili ya tsaya cik ko ya yi ta maimaita kira. Jimla ta uku ta sanar da shi abin da zai samu, don kada ya nemi abin da babu. Ta huɗu ta bambanta kayan da ke dubawa kawai da wanda ke sokewa ko biyan kuɗi, kuma a nan ne ɓarna take zama babba. Haka ake yi wa ɗan aike baƙon gari: ana faɗa masa gidan, ana kuma faɗa masa makamancinsa da bai kamata ya shiga ba.

Gurabun cikewa ma suna buƙatar wannan iyaka. Kwanan wata 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu, shi ya sa bayani nagari yake ambaton tsarin ISO 8601 ƙarara, kamar yadda yake faɗin ko kuɗi a dala ne ko a senti.

Saboda haka ba a auna bayani shi kaɗai. Ana jera shi da kayan da suka yi kama da shi, a ba wakili buƙatu masu harshen damo, a duba wanda ya ɗauka da abin da ya cike. Bayanin da ya sa wakili ya ƙi ɗaukar kayan a inda bai dace ba, ko ya koma ya tambayi mai buƙata, shi ne ya ci jarrabawa.