Littafin Shaihu Umar da Maganar 'Yanci

Ku 'yan makaranta, galibinku kun karanta Shaihu Umar, littafin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Hausarsa tatacciya ce, ba mai musu. Amma akwai abin dubawa game da yadda ya ɗauki maganar bauta.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen uwar Umar. Ga mace 'yantacciya, ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar, aka ƙetare Sahara da ita. Da suka sadu kuwa ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Wudil ran Jumma'a, ya ga dillalai suna taya shanu, zai gane irin cinikin da aka yi da wannan baiwar Allah.

To, amma fa marubucin bai raba tausayinsa daidai ba. Muna baƙin ciki da aka yi wa Makau ƙazafi a fada aka kore shi, alhali daga harin bayi ya komo. Mutanen da aka kamo a harin fa? Ba a ba su baki ba ko kaɗan. Shi kansa Umar sa'ar ubangida ya yi, watau Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Maganin da littafin ya nuna haƙuri ne, ba wanda ya tambayi dalilin da za a mallaki ɗan Adam. Ku tuna, sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungum a Arewa, shekara biyu bayan fitowar littafin.

Irin wannan tambaya sai daga baya aka yi ta a fili. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya, tana neman haƙƙin talakawa, 'ya'yanta da yawa suka sha ɗauri. A cikin watan nan dai, shi Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e, a riƙa jin ta bakin talaka.