ƘWACE KO KARƁE? GYARA KAYANKA



Kwanan baya wani ɗalibina ya rubuta cewa: "An ƙwace wa yayana babur a Sheme." Gabana ya faɗi. Duk wanda ya san halin da muke ciki a Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, da ya ji haka 'yan bindiga zai kawo a ransa. Da na tambaye shi, ashe babur ɗin na bashi ne, yayan ya yi wata biyu bai kai kuɗin sati ba, mai babur ya zo ya tafi da abinsa.

To ka ga inda kalma ɗaya ta mayar da ɗan kasuwa ɗan fashi.

Abin da Bature ke kira repossession sharuɗɗa uku gare shi: kayan na mai bayarwa ne har sai an gama biya, akwai yarjejeniya, sannan an gaza biya. Mu duba kalmominmu:

ƘWACE: ɗauke abu da ƙarfi, ba da son mai riƙe da shi ba. Akwai ƙamshin zalunci a ciki.

ƘWATO: dawo da abin da aka raba ka da shi. Wannan -o ɗin na nuna aikin ya nufo mai yin sa, kamar sayo da ɗauko. Shi ya sa muke cewa "ƙwato haƙƙi". Amma fa tana zargin mai bashin, kamar sace babur ɗin ya yi.

KARƁE: karɓa gaba ɗaya. Wannan -e ɗin na nuna an gama aikin kakaf, kamar saye da cinye. Ba ta ɗora wa kowa laifi.

Don haka daidai shi ne: "Mai babur ya karɓe babur ɗinsa saboda an gaza biya."

Kada kuma ka haɗa wannan da JINGINA. A jingina gonar taka ce, ka ba da ita a riƙe, ran da ka biya ta dawo hannunka.

Sai dai ban ce a daina amfani da "ƙwace" ba. A 2021, lokacin da gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sana'a ta tsaya, biyan bashi ya yi wuya. Kuma dokar Najeriya ta 1965 kan irin wannan ciniki ta ce idan an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, sai ta hanyar kotu ake karɓe shi. Wanda ya tsallake kotu ya turo ƙarti, wannan kam ƙwace ya yi, kira shi da sunansa.

Kafin ka rubuta, tambayi kanka: nawa aka biya, kuma yaya aka ɗauka?

Ku a garinku yaya kuke faɗi? Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.