Kafin Dashe Ya Zama Inuwa

Duk itacen da aka dasa a birnin Katsina lissafi ɗaya ke gabansa: wata huɗu na ruwa, wata takwas na jira. Damina takan faɗi a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Daga nan hunturu ya busar da ƙasa, bazara ta gasa ta, awaki kuma su bi duk wani kore da suka hango. Wanda ya iya fitar da tsiro daga ƙwaya, ya raka shi har ya tsallake waɗannan watanni takwas, ya iya sana'a, ko da ba a biyansa ko sisi.

Wannan sana'ar ce jigon aikin ƙungiyoyin kare muhalli, na makarantu da na unguwanni da na matasa masu yi wa ƙasa hidima. Suna yashe kwatoci kafin ruwa ya sauka, suna tsintar leda, suna fita wayar da kai ranar 5 ga Yuni da duniya ta ware wa muhalli. Duk aiki ne mai kyau. Amma mai son ya ga inda ilimi yake, sai ya zagaya bayan aji ko gefen rijiyar burtsatse, inda aka kafa 'yar rumfar zana aka jera ledoji cike da ƙasa. Nan ne wurin renon dashe.

Abin ba baƙo ba ne a Katsina. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka gudanar da babban shirin dasa itatuwa a jihar da tallafin ƙasashen Turai, aka kafa wuraren reno, aka yi jerin itatuwan tare iska a ƙauyukan arewa. Yau kuma Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Koriyar Ganuwa ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tsayar da kwararowar hamada daga Senegal har Jibuti. Manyan shirye-shirye ne, amma dukkansu a kan abu guda suka dogara, wato hannun da ya san yadda ake cika leda da ƙasa.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa ƙasar, wajen neman iri. Gwani ba ya tsintar duk abin da ya faɗo. Yana zaɓen uwa mai lafiya, miƙaƙƙiya, wadda ba ta da ciwo, ya ɗebi 'ya'yan da suka nuna sosai, kuma daga itatuwa da yawa, don kada dashensa duka su gaji rauni ɗaya. Kowane iri da halinsa. Bedi, wanda wasu ke kira dogonyaro ko darbejiya, asalinsa daga Indiya ne, a 1928 aka fara dasa shi a Borno, yau shi ne inuwar titunanmu. Ƙwayarsa ba ta da haƙurin ajiya. Ana murje naman, a wanke, a shanya a inuwa, a shuka cikin 'yan makonni, in ba haka ba ta mutu a cikin gwangwani. Zogale ba ya buƙatar komai, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya leƙo. Gawo da bagaruwa da kuka kuwa, ɓawon ƙwayarsu mai tauri ne, ruwa ba ya ratsa shi, sai ta kwanta a ƙasa wata da watanni ba ta motsa ba.

A daji, cikin akuya da saniya ne ke warware wannan matsalar. Dabba ta ci 'ya'yan gawo, ɓawon ƙwayar ya yi laushi a cikinta, ta kasayar da ita tare da takinta. Mai reno kwaikwayon wannan yake yi ta hanya biyu. Ko dai ya tafasa ruwa, ya sauke daga wuta, ya zuba a kan irin ya bar shi ya kwana, da safe ya tsince waɗanda suka kumbura ya shuka. Ko kuma ya ɗauki abin yanke farce ya ɗan gutsiri ɓawon. Wannan na biyun abin kallo ne. Ƙwayar gawo ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, ga ta da santsi. Za ka ga mutum ya riƙe ta tsakanin babban yatsa da manuni, ya juya ta har ya gano idon, inda tsiro zai fito, sannan ya koma ɗaya gefen ya ciji ɓawon kaɗan, daidai yadda farin ciki zai leƙo, ba tare da ya taɓa shi ba. In ya zarce ya kashe ta, in ya gaza ruwa ba zai shiga ba. Sabon shiga yakan ɓata da yawa kafin yatsunsa su gane iyakar.

Sai haɗin ƙasa. Abu uku ake haɗawa: ƙasar sama ta gona, yashi, da ruɓaɓɓen taki. Da yawa suna yin kashi biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki, amma ƙasar Katsina da ma rairayi ya yi mata yawa, don haka mai ido yakan rage yashin ko ya bar shi gaba ɗaya. Takin dole ya zama wanda ya daɗe, ya huce, ya yi baƙi, warinsa ya tafi. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Ana tankaɗe komai da rariya a fitar da tsakuwa da guntun kara, a yayyafa ruwa, a juya da shebur. Gwajin a tafin hannu ake yinsa. A damƙi haɗin a matse. In ya dunƙule, sannan ya wargaje da an ɗan taɓa shi, ya yi. In ya zube ta tsakanin yatsu yashi ya yi yawa, in ya manne kamar za a gina tukunya laka ta yi yawa.

Abin da ya fi burge ni a wannan aiki shi ne inda ledar take fitowa. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin sayen baƙar ledar reno, ledar ruwan sha take tsinta, wadda ke toshe mana magudanai kowace damina. A yanke bakinta, a wanke, a huda ƙasanta wuri uku ko huɗu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Fita ɗaya ta share titi ta kuma samar da mazubi. Ƙarama ce, don haka ta dace da itatuwan da ba za su wuce wata uku ko huɗu a reno ba. Mangwaro, musamman wanda za a yi wa aure, wato a ɗaura reshen mai kyawun 'ya'ya a kan tushen wani, babbar leda yake so. Wajen cikawa ana buga gindin ledar a ƙasa sau biyu ko uku don haɗin ya zauna, ba a danna shi da ƙarfi, a bar kamar faɗin yatsa a sama inda ruwa zai tsaya. Ana jera su a tsaye cikin layin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ba.

Zurfin shuka ninki biyu ne na kaurin ƙwayar. Ana sa biyu a kowace leda, in duka sun fito a cire mai rauni. Ban ruwa safe da yamma, da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa, don ruwan ya sauka a hankali bai tone irin ba. A Maris da Afrilu ake yawan wannan aikin, lokacin da zafi ya fi tsanani kuma ruwa ya fi tsada, saboda lissafin baya ake yi daga ranar dashe. A nan ne ake gane ɗan ƙungiya na gaskiya. Ranar bikin dashe kowa yana zuwa, har da masu neman hoto. Ban ruwan ƙarfe shida na safe a watan Afrilu, ranar da ba kowa a wurin sai kai da jarka, mutane kaɗan ne ke riƙe shi, kuma su ne ke riƙe da ƙungiyar.

Akwai wani mataki da wanda bai sani ba ba zai taɓa zato ba. Duk bayan mako biyu ko uku, sai a bi ledojin ɗaya bayan ɗaya a ɗaga, a sauya musu wuri. Dalili shi ne saiwa takan bi hudar gindi ta shige ƙasa. In aka bar ta, tsiron zai yi kore shar, ya fi 'yan uwansa tsawo, mai kallo ya ce wannan ne gwarzo. Ranar da aka zo ɗaukarsa sai a ji ƙas, uwar saiwar ta tsinke, kafin a kai shi rami ya yi yaushi. Saboda haka ake ɗagawa da wuri a datse abin da ya leƙo da reza, tsiron ya mai da ƙarfinsa ga ƙananan saiwoyi a cikin ledar. Gawo ya fi kowa wannan hali, don tun yana ɗan yatsa a sama saiwarsa ta yi nisa a ƙasa. A wurin reno sai ka ji yaro ya ce, "Baba, ai wannan ya fi kyau, a bar shi." Tsohon ma'aikacin gandun daji da ke koya masa ya ce, "Ɗaga shi ka gani, ɗana."

Saura kamar wata ɗaya a dasa, sai a fara yaye. Kamar yadda uwa ke janye nono a hankali, haka ake zare karan rumfa kaɗan-kaɗan har rana ta riƙa dukansu kai tsaye, a mai da ban ruwa sau ɗaya a yini. Ganyen zai ɗan rage sheƙi, karan ya yi tauri. Abin da ake nema ke nan.

Ba a dashe da ruwan farko. Ana jira damina ta zauna, galibi cikin Yuli, lokacin da in ka haƙa kamu biyu za ka tarar da laima. Wanda ya makara har ƙarshen Agusta ya rage wa dashensa kwanakin kama ƙasa. Ramin kamar rabin mita ne faɗi da zurfi, ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a ɗaya gefen, wajen mayarwa kuma ta saman ce ke fara shiga tare da ɗan taki. Ana tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, a zare ta ba tare da dunƙulen ƙasar ya fashe ba. In saiwa ta nannaɗe a gindi a yanke nadin. Wuyan tsiron, inda kara ya haɗu da saiwa, ya zo daidai da fuskar ƙasa. A taka kewayen da dunduniya don kada iska ta maƙale, a yi masa ɗan gurbi mai tara ruwa. A fako mai gangara ana yin rabin wata, wato kunya mai lanƙwasa wadda bakinta ke kallon inda ruwa ke gangarowa. Da yamma ake so a dasa, ko ranar da hadari ya rufe rana. Ledar da aka cire kuma a tattara ta, kada mai gyara ya koma mai zubarwa.

Daga ranar dashe, akuya ce abokiyar gaba. Dashen da ba a killace ba, an yi wa dabbobin unguwa sadaka ne. Ana kewaye shi da ƙayar magarya ko bagaruwa, ko kwandon kara, ko bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga. Gara ana rage ta da toka da ganyen bedi. Idan rani ya shigo, masu dabara sukan binne tulu ko ƙaramar tukunyar ƙasa kusa da gindin, su cika da ruwa su rufe bakin. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin yumɓu kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha rabonta ba. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta manne da karan.

Ƙungiyar da ta waye takan kuma duba abin da maƙwabtanmu na Maraɗi suka yi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta hanyar Jibiya. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa a gonaki kowace shekara tohon kututturen itatuwa ne masu rai, da saiwarsu tsohuwa a ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi, a datse sauran da kaifaffar wuƙa ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Manoman Nijar suka karɓi abin suka yaɗa shi, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Kalgo da sabara da gawo da ke gonakin Batagarawa da Kaita irin waɗancan ne, kuma ba sa neman leda ko ban ruwa.

Ga mai son shiga, ƙofa a buɗe take, kuma ba sai mai ƙarfi ba. Akwai mai tara iri, akwai mai tsintar leda, akwai mai keke ko baro da zai kai ruwa, akwai mai baki da zai je gida-gida ya roƙi maigida ya karɓi amanar itacen da aka dasa a ƙofarsa, domin dashen da ke da mai shi ya fi na kan hanya rayuwa. Akwai kuma mai riƙe littafi, wanda a ganina bai kamata wata ƙungiya ta rasa shi ba. Shi ke rubuta irin itacen, ranar dashe, wurin, da sunan mai kula. A watan Mayu, kafin ruwa ya dawo, sai ya ɗauki littafin ya bi layi yana duba kowane rami: wannan yana nan, wannan akuya ce, wannan gara, wannan ƙishi. Adadin da ya samu shi ke nuna ledoji nawa za a ware don cike gurbi a Yuli, da kuma unguwar da za a ƙara wa ƙaya ko tulu.