Gram Ɗaya a Tukunyar Ƙarfe

Duk mai turkar rago ya san harawar wake ba sa'ar karan dawa ba ce. Da ido yake ganewa, da kuma tafin hannu idan ya shafa gadon bayan dabbarsa. Amma kamfanin da ke haɗa abincin kaji buhu dubu a rana, ko masana'antar da za ta hura wutarta da buntun shinkafa, ba za su iya lissafi da "wannan ya fi wancan" ba. Lamba suke so: kuzari nawa ne a kilo ɗaya? Masu ba su lambar nan ma'aikatan ɗakin gwaji ne, kuma dabararsu a baki ba wuya: a ƙone abu ƙurmus, a auna zafin da ya fito. A hannu ne take da wuya.

Kayan aikinsu shi ne bom kalorimita, wata tukunyar ƙarfe mai kaurin bango wadda cikinta bai kai rabin lita ba. Masanin Faransa Marcellin Berthelot ne ya fito da ita a Faris wajajen 1881, ya lulluɓe cikinta da filatinam, abin da ya sa sai mai hannu da shuni ke mallakarta. A 1892 Pierre Mahler ya shafe cikin da tangaran, farashi ya sauko. A Amurka kuma kamfanin da Samuel Parr na Jami'ar Illinois ya kafa a 1899 har yau yana ƙera irin waɗannan na'urori.

Kafin a kai ga wuta, sai an busar da samfurin a zafin digiri 105, an niƙa shi ya ratsa rariya mai ido milimita ɗaya. Ma'aikaciya za ta ɗebi kimanin gram ɗaya ta matse shi ya zama ƙwaya, domin gari sako-sako yana tarwatsewa kafin ya cinye. Ta auna ƙwayar a sikelin da ke ganin kashi ɗaya cikin dubu goma na gram, ta ajiye ta a ɗan kasko. Daga nan sai wurin da ake gane gwani: siririyar waya mai tsawon santimita 10, a ɗaura ta tsakanin sanduna biyu, a lanƙwasa ta yadda za ta taɓa ƙwayar amma kada ta taɓa kaskon. In ta taɓa ƙarfe, lantarki ya bi ta can, wuta ba ta kama ba. A ɗiga ruwa mililita ɗaya a gindin tukunyar, a murɗa murfi, a ɗura iskar oksijin har matsinta ya ninka na iskar sarari sau 30. Tayar mota biyu da ɗoriya take ɗauka. Shi ya sa ba wanda ke leƙa kansa bisa na'urar lokacin da za a kunna.

Ana nutsa tukunyar a bokitin ruwa kilo biyu cif, a jira zafin ruwan ya daidaita, sannan a danna. Ba a ganin wutar, ba a jin ƙara. Ruwa ne kawai ke ɗumama da digiri biyu ko uku cikin 'yan mintoci, ma'auni yana bin sa har kashi ɗaya cikin dubu na digiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙididdigar da ke biyo baya, don mutanen nan ba sa yafe wa kowa bashin zafi. Ƙarfen tukunyar da bokitin sun sha nasu rabon, saboda haka tun da farko an ƙone asid ɗin benzoyik, wanda aka san kowane gram nasa yana ba da kilojul 26.45, don a san halin na'urar. Wayar da ta kunna wuta ita ma ta ƙara ɗan zafi: a tattara guntayen da suka rage, a auna da rula, a cire na wadda ta ƙone. Iskar naitirojin da aka rufe a ciki ta zama asid, ta ƙara nata: a wanke tukunyar, a gwada ruwan wankin, a cire. In aka ga baƙin kunkunniya a bango, ƙunar ba ta kammala ba, aikin ya tashi. Kuma ba a yarda da gwaji ɗaya sai na biyu ya gaskata shi.

Ga makamashi, amsar tukunyar ta kusa cika, tunda shi ma ƙona shi za a yi. Man dizal yana ba da megajul 45 da ɗan wani abu a kilo, dizal ɗin man tsirrai kusan 40, itanol kusan 30, busasshen itace 19 zuwa 20. Buntun shinkafa yana tsayawa wajajen 15, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce. Mai saurin tashi irin itanol sai an rufe shi a ƙwanson jelatin, in ba haka ba ya tsere tun yana kan sikeli, sannan a cire zafin ƙwanson. Akwai kuma wata ƙura: a cikin tukunya tururi yana komawa ruwa ya mayar da zafinsa, a murhu kuwa ficewa yake da shi, megajul 2.44 a kowane kilon ruwa. Don haka rahoto ke zuwa da lamba biyu, babba da ƙarama. Ɗanyen itacen da rabinsa ruwa ne, abin da murhu ke mora bai wuce 8 ba.

Ga dabba kuwa, cikinta ba wuta ba ne. A ƙone busasshiyar ƙwayar masara, a ƙone karan alkama, duka biyun za su ba da wajajen megajul 18.5 a kilo. Tukunya ba ta yi ƙarya ba. Ita ba ruwanta da abin da hanji zai iya narkarwa. Mai ne kaɗai ke ɗaga lambar sosai, don yana kai 39, shi ya sa tunkuzar da ba a tatse da kyau ba ke fin sauran.

To yaya za a yi? A sa rago a keji na musamman, a auna abin da ya ci, a kwashe duk kashin da ya yi na kwanaki, a busar, a niƙa, a matse shi ƙwaya, shi ma ya shiga tukunya. Abin da ya shiga a cire abin da ya fita. Fitsari ma ana busar da shi a ƙone, sannan a cire iskar metan da dabba ke gyatsarwa, kusan kashi shida zuwa takwas cikin ɗari na kuzarin abincin. A nan gaskiya ke fitowa: masara ta bar wa saniya kusan megajul 14, karan alkama kusan 6. Henry Armsby bai tsaya nan ba: a 1902 ya kammala wani ɗaki a Pennsylvania da sa guda ke shiga, ana auna har zafin da jikinsa ke fitarwa. Irin awon kejin nan ne cibiyoyin binciken dabbobi kamar ta Shika da ke Zariya ke dogaro da shi wajen jera harawa, dusa da kowa bisa daraja.

Kaza ta sauƙaƙa wa masu gwaji, don kashinta da fitsarinta tare suke fita, samfuri ɗaya ya wadatar. Lambar da ake bugawa a jikin buhun abincin kaji, kilokalori 2,700 ko 3,000 a kilo, jimla ce daga teburan da aka gina ta wannan hanya, inda masara ke da kusan 3,300. Mai gona da ke haɗa abincinsa da kansa da teburan nan yake lissafin kwanon masara nawa zai zuba, dusa nawa.