Girman Allo da Ma'anar Tsoro: Tsokaci a Kan Finafinan Dario Argento

Ɗalibanmu na adabi sun saba, da zarar an miƙa musu wani aiki, su fara da farautar jigo, sannan su koma ga zubi da tsarin labari. Duk wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya tunkari finafinan ban tsoro na ƙasar Italiya, zai dawo yana cewa ba su da kai ba su da gindi. Hukuncin da ni ma na yanke ke nan lokacin da na fara kallon Suspiria a akwatin talabijin. Sai da na sake ganinsa a allon majigi, cikin ɗaki mai duhu, na gane ma'aunina ne ya gaza.

Argento ya fitar da fim ɗin a 1977. Labarin bai taka kara ya karya ba: wata budurwa Ba'amurkiya, Suzy Bannion, ta tafi makarantar koyon rawa a garin Freiburg na Jamus, ta tarar ashe matsafa ne ke riƙe da makarantar. Iyakarsa ke nan. Hirar taurarin ba ta da armashi, kuma leɓe ba ya tafiya daidai da magana, domin al'adar masu fim na Italiya a wancan zamani ita ce a ɗauki hoto tukuna, a ɗora murya daga baya. Wannan aibi ne, babu ja.

Ƙarfin fim ɗin yana ga launi da faɗi da sauti. Mai ɗaukar hoto, Luciano Tovoli, ya cika ɗakuna da ja jawur da shuɗi da kore, aka kuma wanke fim ɗin ta tsohuwar hanyar rini ta Technicolor. A talabijin jan nan ado ne kurum. A majigi kuwa yana tsallako allo ya rina fuskokin 'yan kallo, ka waiga ka ga na kusa da kai ya shiga cikin fim ɗin. Kiɗan ƙungiyar Goblin, mai raɗe-raɗe da nishi, shi ma ba ya isa ƙirji sai da manyan lasifikoki.

A dubi fitowar makahon makaɗin fiyano, wanda ya tsaya da karensa tsakiyar dandalin Königsplatz na birnin Munich cikin dare. Babu kowa, sai manyan gine-gine masu ginshiƙai. A babban allo mutumin ya koma kamar tururuwa a faranti, idon mai kallo na yawo kusurwa-kusurwa yana neman inda ajali zai ɓullo. Ashe yana gefen ƙafarsa: karensa ne ya cafke masa maƙogwaro. Yaudarar ta dogara ne ga faɗin fili. In aka matse filin cikin tafin hannu, ido ba shi da inda zai ɓata.

Haka yake a Profondo Rosso na 1975. Tun farko-farko an nuna fuskar mai kisan a cikin madubi, tsakanin zane-zanen da ke rataye a bango, na ɗan ƙiftawar ido. Tauraron ya gani bai san ya gani ba, mu ma haka. Adalcin da Argento ya yi wa mai kallo ke nan, amma a ƙaramin allo fuskar ba ta kai ƙwayar gero ba.

Sai dai girman allo ba ya zaɓen abin da zai girmama. Yadda na'urar ɗaukar hoto ke daɗewa a kan jikin matan da ake kashewa, tana ƙawata jini kamar kwalliya, abu ne da Argento ya gada daga Mario Bava, musamman Sei donne per l'assassino na 1964. A talabijin na iya kau da kai daga kisan farko na Suspiria. A majigi ban samu inda zan kai idona ba, kuma har yau ban gamsu cewa tsawonsa ya zama dole ba.