Fasali a kan hujjar masu cewa kasuwa ce ke yanka farashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, a watan Fabrairu na 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan hatsi a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A irin wannan lokaci hujja biyu ake kawowa don kare masu ajiya. Ta farko hadisin Anas, cewa da kaya suka yi tsada a Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yanka farashi. Ta biyu ta masu boko ce, tana cikin littafin Adam Smith na 1776: wai mai sayen hatsi da kaka ya ajiye yana amfanar jama'a, domin shi ke hana a cinye abinci kafin sabo ya nuna.

Ba mu ƙaryata ko ɗaya. Malamanmu na Malikiyya ma ba su kira manomi mai ajiye amfanin gonarsa, ko falke da ya ɗauko kaya daga nesa, mai ihtikari ba.

Sai dai hujjar boko an gina ta a kan cewa mai sayarwa da zaɓinsa ya sayar. To, dubi ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gado ya yayyanka gonaki, ba a kuma hutar da su. Ƙaramin manomi yakan kai geronsa kasuwa da kaka, lokacin araha, saboda bashin taki ya ƙure shi. Tsakiyar damina, rumbu wayam, sai ya dawo ya saya da tsada, ko ya karɓi falle, dami ɗaya ya biya biyu, wanda riba ce tsagwaronta. Littafin ya lissafa buhunan ƙasa baki ɗaya, wannan gida kuwa bai shiga lissafi ba.

Shi kuma hadisin Anas hannun mai mulki ya kame, bai wanke ɗan kasuwa ba. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar cewa mai ihtikari mai saɓo ne, kuma karanta na farko a tsallake wannan ha'inci ne cikin ilmi. Kwaɗon hukuma ma ba ya rarrabe falke da maɓoyi. Abin da fiƙihu ke tambaya shi ne: a ina ka sayi hatsin, a wane lokaci, kuma riƙe shi ya cutar da mutanen garin ko bai cutar ba.